Daɓen da Aka Goge wa Baƙi

Litinin, da azahar

Kwali biyu sun dawo mana daga Jamus. Allunan mitar mota ne da muka haɗa a watan jiya, duk a mace. Ba ƙuna, ba tsagewa. In ka duba da gilashi sai ka rantse lafiyarsu ƙalau. Sai da suka fasa ƙwayoyin da ke kan allon, can a wurinsu, suka ga ramin da wutar jiki ke yi, wanda bai kai kaurin gashi ba.

Wutar jiki kuwa aikina ce. Rabin rayuwata na yi ina bin matan masana'antar nan ta Susa, a Tunisiya, da magana guda: jikinki yana tara wuta in kin yi tafiya, in kin goga hannu a riga, ke ba za ki ji ba, allo zai ji. Mai zama ta ɗaura munduwa mai waya, wayar ta kai wutar ƙasa. Mai yawo ta sa takalmin aiki, wutar ta bi tafin ƙafa ta shige daɓe. Karatun ke nan gaba ɗaya. Madam Munduwa suke kirana a bayan idona, na sani.

Si Rida, daraktanmu, ya tara mu a ofis. Bai tambayi me ya faru ba. “Wa ya yi?” ita ce tambayarsa. Jamusawa za su turo mutum ƙarshen wata, yana so ya tarbe shi da suna a hannu.

Lambobin allunan sun nuna hannayen da suka bi. Masu zama daban-daban ne. Mai ɗaukar tire daga bakin inji zuwa teburin dubawa ita kaɗai ce.

Munjiya. Yayata.

Talata, da safe

Shahili, zazzafar iskar sahara, bai tsaya ba. Tun farkon watan jiya yake hurowa daga kudu, leɓe ya tsage, burodi ya bushe kafin a kai shi baki. Injin da ke fesa danshi a zauren aiki sai tari yake kamar tsohon mashayin taba. A irin wannan iska ko juyawa ka yi a kujera ka tara wuta.

A bas Munjiya ta zauna a baya, inda take zama kullum, da kwanon abincinta a cinya. Ba ta san komai ba tukuna. Tana ba Siham, shugabar layinsu, labarin telan da ya ɓata rigar amarya. Bikin Nasrin, 'yar Munjiya, saura 'yan makonni.

Ni na sa aka ba yayata ɗaukar tire bana, da idonta ya fara gajiya da ƙananan ƙwayoyi. A zatona sauƙi na nema mata. Saura shekara biyu ta kai fansho. Tana yarinya ta bar makaranta ta shiga ɗinkin wanduna don ni in ci gaba da karatu. Duk littafin da ke ɗakin nan nawa, da allurarta aka fara sayensa. Ba ta taɓa faɗa ba. Da ma tana faɗa.

Laraba, bayan tashi

Ba na son rubuta na yau.

Si Rida ya sauko zaure da kansa, abin da ba ya yi sai da baƙo. Wani ya kai masa cewa Munjiya na ɗaura sabon ɗankwali, wanda Nasrin ta saya mata, shuɗi mai santsi, yadin roba. Ya tsayar da ita a tsakiyar hanya, mata na kallo, ya ce, “Madam Wasila, auna mana.”

Na ce a ofis za a yi. Ya ce a nan, don kada a ce ina rufa wa 'yar uwa asiri.

Na ɗauko ƙaramar na'urar da ke sansano wuta. Na kai ta kusa da kan yayata. Ta yi ƙara. Kowane yadin roba zai sa ta ƙara, har igiyar wuyan da shi kansa ya ɗaura, kuma ɗankwalin a cushe yake cikin wuyan rigar aiki, nesa da allo. Na buɗe baki in faɗi haka, ya riga ya juya yana cewa kowa ya ji da kunnensa.

Munjiya ta dube ni ta ce, “An gama, Injiniya? Ko in kwance miki gashin ma ki auna?”

Siham ta yi dariya don abin ya sassauta. Ba wadda ta taya ta.

An ce auna, na auna. Na'ura ba ta san yaya ba. Aikina ne.

Alhamis, da safe

Aikina ne.

Asabar, da la'asar

An ba Munjiya hular auduga ta kamfani, ta sa. Duk kiran da na yi, Nasrin ke ɗauka ta ce Mama na wanka. Babu mai tsaftarta a duk garinsu, Msakin.

Na kasa karatu. Na buɗe wani littafin tarihi na rufe. Duk garin da aka ci da yaƙi labarin ɗaya ne: sarki ya fita ta ƙofar baya da matansa, mai gadin ƙofa a rataye shi. Masu rubutun ma ba sa wahalar neman sunansa.

Litinin, da hantsi

An dakatar da ita. In baƙon ya zo ya tafi, sai a rubuta takardar kora da laifin sakaci. Mace a shekarunta, da irin wannan takarda, ba masana'antar da za ta ƙara buɗe mata ƙofa.

Ta ajiye tiren a hankali, ta bi doguwar hanyar tsakiyar zaure, wadda muke kira hanyar baƙi, mai ƙyalli kamar madubi. Tafiya take kanta a sama. Na bi ta da sauri na kama tsintsiyar hannunta.

Tartsatsi ya tashi tsakanin yatsana da fatarta, har na ga shuɗinsa. Ta fizge hannu.

“Har cizo kika fara?” in ji ta. Ta fita.

Litinin, da magariba

Ina wanke kofi abin ya faɗo mini, na bar famfo na zuba.

Hular auduga ce a kanta. Takalmin aiki a ƙafarta, takalmin aiki a ƙafata, kuma da safe dukanmu mun taka farantin gwaji na bakin ƙofa ya ba mu koriyar fitila. Mutum biyu da suke haka, a kan daɓen nan, ba su isa su yi tartsatsi ba. Wutar da ke kashe ƙwaya ba a ko jinta. Wadda ta cije ni ta isa ta kashe tire guda.

Farantin ƙofa takalmi yake gwadawa. Daɓe fa? Babbar na'urar awon daɓe tana Faransa wurin saiti tun Afrilu, yanzu an ce tana kwance a kwastan.

Ba ɗankwali ba ne. Daɓen ne ya mutu.

Talata, da azahar

Na je ɗakin kayan shara. Am Hadi, tsohon da ke goge mana zaure, yana cin burodi da man zaitun a kan kife bokiti. Na ce ya nuna mini abin da yake shafa wa hanyar baƙi. Ya jawo jarka da alfahari. Ƙamshin lemun tsami, ga hoton wata mata tana murmushi a falonta.

A watan Mayu aka yi manyan baƙi, ina gida zaman makokin Inna. Da na dawo na ga ƙyallin na tambaya, aka ce man da aka yarda da shi ne. Na yarda, don a lokacin ko sunana aka canja zan yarda.

Am Hadi ya ce, “Wancan naku na goga har kafaɗa ta ƙage, ya ƙi haske. Si Rida ya zo ya ce, mutane za su taso tun daga Jamus ka bar mini daɓe kamar fuskar mai zazzaɓi? Ya aika kanti aka sayo wannan. Wallahi, 'yata, sun yaba.”

Kakin falo. Tun daga ranar, duk Asabar yana ƙara shafawa, a hanyar baƙi kaɗai, hanyar da Munjiya ke kai da kawowa yini guda. Leda aka shimfiɗa tsakanin ƙafarta da ƙasa. Da iskar teku ke kawo danshi abin bai nuna ba. Shahili na zuwa, duk allon da ta taɓa ya sha wuta.

Ban iya yi wa tsohon faɗa ba. Mu ne fa masu wanke har bakin titi in baƙo zai zo, mu zaunar da shi a kujerar da yaran gida ba su taɓa hawa ba. Da Inna ce ta ga daɓen nan da ta sa masa albarka.

Laraba, bayan tashi

Na ɗauka zai musa. Da ya musa da na ji daɗi.

Na ajiye masa jarkar a kan tebur. Ya dube ta, ya tashi ya rufe ƙofa, ya sa aka kawo mini gahawa. Ya ce, “Madam Wasila, ke mai karatu ce, ki auna wannan ma. In ɗankwali ne, kwali biyu ne da mace ɗaya. In daɓe ne, duk allon da ya bi hanyar nan tun Mayu abin zargi ne. Za su kwashe aikin su kai wata ƙasa. Leƙa tagar nan ki zaɓi waɗanda za ki fara gaya wa.”

Na leƙa. Kawuna a sunkuye, layi bayan layi, kowace da wayarta a hannu kamar na ɗaure su da kaina. Ni na ɗaure su.

Ya ce ranar Asabar za a kankare daɓen a asirce, kafin baƙon ya zo, matsalar ta wuce. Munjiya kuma ba zai manta da ita ba, zai yi wa bikin abin kirki. Na tambaye shi rago zai aika ko firiji. Ya ce ɗacin bakina ne ya hana ni zama darakta.

Abin da ke ƙona ni, duk maganarsa babu ƙarya.

Alhamis, da la'asar

Na hau motar haya na je Msakin ba tare da na kira ba. Suna saman bene suna murza kuskus ɗin biki, an shanya shi a kan fararen zannuwa. Maƙwabta suka gan ni suka tuna suna da tukunya a wuta.

Na gaya wa Munjiya komai, da jarkar, da maganar Si Rida. Hannunta bai bar akushi ba.

Na ce, “Ba ke ba ce, Yaya.”

“Na sani tun ranar. Ke ce kike bukatar na'ura.”

Na ce zan gaya wa baƙon. Nan ta ɗago kai. Ta ce Siham na da 'ya'ya huɗu da miji a kwance. Wance ita ke riƙe da iyayenta. Wance yanzu ta samu ciki bayan shekaru. Ta bi su layi-layi, ta san abin da ke tukunyar kowace.

“Ki yi shiru, Wasila. Ni na saba tashi don wani ya zauna.”

Yau ne ta kusa faɗar abin da ba ta taɓa faɗa ba. Na sauko benen.

Juma'a, lokacin cin abinci

Maza sun tafi masallaci, mata na waje da kwanukansu. Akwai kabad ɗin ƙarfe da nake ajiye mundaye da takalman gwaji, a jikin bango. Na tura shi da kafaɗa, kaɗan-kaɗan, har ya hau gefen hanyar baƙi, inda ƙyallin ya fi kauri. Na cika ƙasansa da ƙarafa na kulle. Na san mutanena: abin da baƙo ba zai gani ba, ba a wahala da shi.

Siham ta shigo ɗaukar wayarta ta same ni ina haki.

“Madam Munduwa, ƙaura ake yi?”

Ta dubi kabad, ta dubi ƙasa. Labarin jarka ya riga ya zaga, Am Hadi ba ya riƙe magana. Dariyar ta bar fuskarta.

“Wasila, muna da 'ya'ya.”

Na ce na sani. Ta ce ba ta taimake ni ba, ba ta kuma gan ni ba.

Ban yanke komai ba. Kabad kawai na matsar.

Lahadi, da rana

Kabad kawai na matsar.

Litinin, da safe

Daɓe ya koma toka-toka kamar yadda aka halicce shi. Am Hadi na yawo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ba wanda ya taɓa kabad.

In na bar shi nan har abada fa? Kabad ba ya magana. Zan iya wucewa ta gabansa kullum in gaishe shi.

Laraba, da magariba

Mace suka turo, siririya mai furfura, da na'urarta a akwati. An jera mata dabino da makrud, alkakinmu mai zuma, ta ɗauki ɗaya don kunya. Ta durƙusa ta auna daɓe a wurare da dama. Lafiya lau. Si Rida ya ba ta labarin ɗankwali da Faransanci, da fuskar mai ta'aziyya. Ta ce tana so ta ga ma'aikaciyar, ya ce ta riga ta tafi.

Ta juyo gare ni ta ce, “Ke ce mai kula da wannan. Kin yarda haka ne?”

Na dubi zauren. Siham ta sunkuyar da kai kan allonta, hannunta ba ya motsi. Wallahi “na yarda” ce a bakina. Na ji nauyinta a harshe.

Sai Si Rida ya ga na yi jinkiri, ya cike shirun. Ya ce ai irin waɗannan tsofaffin matan ba su yi makaranta ba, ba sa koyo.

Ba su yi makaranta ba.

Ban san lokacin da na isa kabad ɗin ba. Ya ƙi motsi, ni na cika shi. Na sa baya na tura yana ƙugi, zaure duka ya tsaya. Da ya gusa, sai ga shi: murabba'i guda yana ƙyalli a tsakiyar toka, kamar an ajiye faranti cike da ruwa.

Na ce ta auna nan.

Ta auna. Ta sake aunawa. Ta goga yatsa ta sansana. Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi, tun yaushe.

Na ce tun Mayu.

Alhamis, da safe

Ba wadda ta zauna kusa da ni a bas.

Talata, da hantsi

An tsayar da layi na biyu sai an binciki duk abin da ya fita. An tura matan layin gida, sai an neme su. Siham na ciki. Ko Jamusawa za su bar mana aikin, ba wanda ya sani. Si Rida na Tunis yana bin ofisoshi.

Rahoton matar ya ce daɓe. Ba ɗankwali a ciki ko sau ɗaya. Dole suka janye takardar, Munjiya za ta koma bayan hutun Agusta, fanshonta na nan.

Ni an ce in huta. An karɓi makullin kabad.

Na samu abin da nake nema. Na sa a baki, ba ɗanɗano.

Asabar, da yamma

Na ci karo da Siham a kasuwa, tana juya tumatir tana ajiyewa. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta ce, “Khalti Munjiya ta tsira, barka.” Khalti, wato gwaggo, suke kiranta. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Shahili ya faɗi jiya. Yanzu da ba shi da sauran aiki.

Alhamis, ranar lalle, da safe

Ba a kira ni ba, na je. Na sami Munjiya a tsakar gida ba takalmi, ta tattare zane, tana watsa ruwa bokiti bayan bokiti tana kora shi da tsintsiya. Shuɗin ɗankwalin ne a kanta.

Ba ta tsaya ba ta ce, “Ban roƙe ki ba.”

Na ce na sani.

“Siham ba za ta zo biki ba. Ta aiko da uzuri.”

Na ce na sani.

“Kin san komai, Injiniya.”

Sai ga Nasrin ta fito daga falo, kanta a naɗe da tawul, da kwalba a hannu. Tun daga nesa na ji ƙamshin lemun tsami. Ta ce, “Mama, in shafa wa falon ko ruwa ya isa?”

Munjiya ta dubi kwalbar, ta dube ni. Dariya ta kama ta har ta zauna a bakin bokiti tana share ido da gefen ɗankwalin. Ni ban yi ba.

“Shafa, 'yata, baƙi za su zo,” in ji ta. “A nan ba abin da zai mutu.”

Ta miƙe ta zo ta kama tsintsiyar hannuna, daidai inda munduwar aiki ta bar mini farin zobe. Na ɗauke numfashi ina jiran cizon. Hannunta a jiƙe yake, ƙafafunmu cikin ruwa.

Ta ce, “Cire takalman nan ki ɗauki bokiti.”